Awa Huɗu Baya

Litinin, 6 ga Oktoba, da yamma

Yau na yaye zanen da na rufe kwamfutar Gumercindo da shi tun watan Maris. Mijina ne, shagon buga katin gayyata namu ne mu biyu, amma kalmar sirrin kwamfutar tasa ce shi kaɗai. Na kunna, ta nuno sunansa da hoton dutsen Illimani, ta tsaya tana jira. Na gwada sunana. Na gwada na uwarsa, har da na ƙungiyar ƙwallon da ke sa masa hawan jini. Ta ƙi. Ji na yi kamar na ƙwanƙwasa ƙofar gidana an ce wa ake nema.

Tun da ya tafi haƙar zinariya a Tipuani, injin kwafi ke ciyar da ni, kuma ya gaza. Ga bikin matattu ya ƙarato, lokacin da duk garinmu El Alto ke neman katin tunawa da mamaci, mai hoto da baƙin gefe, wanda ake jinginawa a teburin rayuka. Aikinmu ne na shekara. Ba zan zauna ina korar mutane ba.

Maganar Tipuani kuwa ba zan rubuta ta a nan ba. Takalmin roba guda ɗaya da aka kawo mini a leda ba shaida ba ne. Kowa a can irinsa yake sawa.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da rana

Na ɗauko Don Nicasio mai gyaran kwamfuta daga kasuwar Alhamis. Ya zo da filash rataye a wuya kamar gicciye.

"Doña Teo, hanya biyu ce," in ji shi. "Ko in share komai in sa miki tsarin Linux na kyauta fes, ko in raba cikinta gida biyu. Windows ɗin maigida ya zauna a ɗakinsa a kulle, ke ki shiga naki."

Severina, comadre ɗina, wato aminiyata, da ke sayar da kunun api a bakin ƙofa, ta leƙo da ludayi a hannu.

"Kar ki yarda, comadre! Haka ya yi wa ƙanena. Yanzu ko waƙa zai sa sai ya rubuta wasu surkulle a baƙin allo kamar boka."

"Ƙanen naki ko rediyo aka ba shi sai ya nemi inda ake zuba mata ruwa," in ji Don Nicasio. "Koma kan tukunyarki tana ƙonewa."

"Abin kyauta dai! Ka taɓa ganin abin kirki kyauta?"

"Na ga bakinki, ai ba a biya."

Na ce a raba. Na ce ɗakin Gumer ko ƙura kar a taɓa, domin in ya dawo zai nemi kayansa yadda ya bari. Don Nicasio ya zaro filash ɗinsa. Severina ta ce bari ta duba wuta.

Mutumin ya san aikinsa, ba zan ci amanarsa ba. Sai da ya kunna sabon daga filash, ya gwada firinta ta buga, kafin ya sa shi. Ya ce duk mai son sauya tsari ya fara gwada firinta, don a nan aure ke mutuwa. Yanzu in na kunna, layi biyu ke fitowa a baƙin allo. Na sama nawa, na ƙasa na Gumer. Farin haske yana zama a kan wanda aka shiga na ƙarshe.

Asabar, 11 ga Oktoba, da safe

Komai yana nan, amma ba a inda na sani ba. Kamar wata ta shigo kicin ɗina ta gyara mini da kyakkyawar niyya. Na yi zagi, na yi kuka kaɗan, na buga kati shida. Ba laifi, ya fi tsohon saurin tashi.

Litinin, 13 ga Oktoba, da hantsi

Agogon kwamfutar ya nuna biyar na asuba, alhali rana ta fito har Severina ta kusa sayar da rabin tukunya. Na gyara shi.

Mama Eusebia, uwar Gumer, ta zo da hotonsa na ranar aurenmu a naɗe cikin hankici. Ta ajiye a kan kantar shago. Na ci gaba da aikina. Da za ta tafi na mayar mata cikin jakarta.

"'Yata," ta ce, "teburin shekarar farko shi ne babba."

Na ce, "Mama, ba a yi wa mai rai tebur."

Talata, 14 ga Oktoba, da safe

Agogo baya da awa huɗu. Na gyara.

Laraba, 15 ga Oktoba, da safe

Haka dai.

Alhamis, 16 ga Oktoba, da yamma

Don Nicasio ya yi dariya da na gaya masa, har ya roƙi Severina kofin api na ladan bayani.

"Wannan ai tsohuwar rigima ce, Doña Teo. Agogo ɗaya ne a cikin ƙarfen, su biyu suke rabawa. Linux yana karanta shi da lokacin duniya, Windows da lokacin garinmu, tsakaninsu awa huɗu. In kin gyara a nan, can sai ya yi gaba. In kin shiga can kin gyara, nan sai ya koma baya. Ki daina shiga can kina taɓa agogo, shi ke nan."

Na ce ban shiga ba. Na ce in da zan iya shiga da ban ɗauko shi ba.

"To intanet ce ke gyarawa."

Na ce Gumer bai taɓa bari an jona ta da intanet ba, don tsoron cutar kwamfuta. Ya leƙa baya, babu waya. Ya kunna ta da kansa. Ni dai kullum kunnawa nake yi in danna layina in tafi shara, ban taɓa tsayawa duba inda hasken yake ba. Yau na tsaya. Na riga na shiga nawa da safe, don haka hasken yana sama. Ya ce gobe in duba kafin in taɓa komai.

Ya canja ƙaramin batirin da ke ciki. Ya ce in da batir ne, shekaru za ta koma baya, ba awa huɗu cif ba, amma dai ya canja. Bai shanye api ɗinsa ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba, da safe

Hasken yana kan layin ƙasa.

Juma'a, da rana

Gumer ba ya iya ganin agogo yana ƙarya ya ƙyale. A gidan mutane ma sai ya hau kujera ya sauko da na bango. Ya taɓa miƙa hannu daga kujerar baya ya gyara na direban bas, aka kusa sauke mu a tsakiyar hanya. Na sha cewa, kai wa ya naɗa ka sarkin lokaci? Sai ya ce in agogo ya yi ƙarya, mai gidan ma ya kusa farawa.

Makullin shagon nan biyu ne. Ɗaya yana ɗaure a zanen goyona. Ɗayan yana aljihunsa ranar da ya tafi.

Ina farin ciki. Bari in rubuta ƙarara, tunda babu wanda zan gaya wa: ina farin ciki.

Lahadi, 19 ga Oktoba, bayan coci

Na san halinsa. Ya tafi yana cika baki zai dawo da kuɗin sabon inji, ya dawo hannu wofi, kunya ta hana shi zuwa gida. Yana kwana a wani wuri, yana zuwa shago in na tashi. Wawan mutum. Ya ɗauka inji na aura.

Na bar masa miyar gyaɗa a kula da burodi biyu kusa da kwamfutar.

Litinin, 20 ga Oktoba, da safe

Agogo baya. Miya tana nan, mai ya daskare a kanta.

Talata, 21 ga Oktoba, da yamma

Na gaya wa Severina, kuma na yi nadama tun kafin in rufe baki.

"Comadre, mai rai da ya kwana a sanyin El Alto ya ga miyar gyaɗa, ya bar ta ya tafi gyaran agogo?"

"Ƙila ya ci a wani wuri."

"Gumercindo? Wanda ke sake cin abinci a gida bayan ya ci na biki?" Ta goge hannu a gaban rigarta. "Ni da asuba nake kafa tukunya a ƙofar nan. Ƙwaɗon nan yadda kika bar shi haka nake samunsa. Karen maƙwabcinmu Don Lucho ma da ke kwana a bakin ƙofar ya daina. Ya koma tsallaken titi."

Na ce kare ba shaida ba ne. Ta ce a wurina dai komai ba shaida ba ne.

Ban sayi api ɗinta yau ba.

Alhamis, 23 ga Oktoba, da rana

Rubutun nan mai lanƙwasa da Gumer ke sa sunayen mamata da shi babu shi a ɓangarena, mutane kuwa shi suke so. Don Nicasio ya ce ɗaukowa ba wuya. Ya danna wani wuri, sai ga manyan fayilolin Gumer jere a gabana, ba kalmar sirri ba komai. Na ga wanda ya sa wa suna "Teo kar ki taɓa". Na ce ya ɗauki rubutun kawai ya rufe.

"Daga nan ana ganin can," in ji shi. "Amma daga can ba a ganin nan. Windows bai iya karanta ɗakin Linux ba. In mutum ya shiga ta can, ɓangarenki wani fili kawai zai gani wanda ba shi da suna."

Wato yana zuwa, yana dubawa, ba ya ganin katunan da na yi. Bai ma san ina nan ba.

Sai Don Nicasio ya cire hularsa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

"Doña Teo, akwai layi ɗaya da zan rubuta, su biyun su daidaita a kan lokaci guda. Daga nan ko wa ya shiga, agogo ba zai ƙara motsi ba. Ki huta. Minti ɗaya ne."

Na ce in ya rubuta, ta yaya zan san ya zo?

Ya mayar da hularsa. Ya ce shi fa kwamfuta ya koya.

Juma'a, 24 ga Oktoba, da yamma

Na zare kibod da linzamin kwamfutar, na naɗe su a zanen goyo na tafi da su gida. In hannun mutum ne, dole ya nemi abin dannawa.

Asabar, 25 ga Oktoba, da safe

Baya da awa huɗu.

Na zauna a ƙasa a bayan kanta har wata mata ta shigo neman kwafi ta ɗauka babu kowa.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Ban je coci ba. Ban je ko'ina ba.

Litinin, 27 ga Oktoba, da rana

Kati goma sha wani abu yau. Tsoho mai hular ƙwano, yarinya da rigar makaranta, wani direba da aka yanko hotonsa daga na lasisi. Na iya aikin yanzu, hannuna ya saba da inda komai yake. Ina gyara musu haske a fuska, ina sa baƙin gefe. Duk wanda ya karɓa sai ya riƙe katin da hannu biyu.

Kujerar tana da sanyi da safe. Kullum tana da sanyi, garin nan ne. Amma tsayinta ba nawa ba ne. Sai na sauke ta kafin ƙafata ta taɓa ƙasa, kuma ban tuna tun yaushe nake yin haka ba.

Talata, 28 ga Oktoba, da yamma

Mama Eusebia ta dawo. Severina ce ta kai mata labari, na sani, don tun da tsohuwar ta shigo Severina take ta wanke kofin da ta riga ta wanke.

Mama ba ta kalle ni ba. Kwamfutar ta kalla, ta daɗe.

"Tun yaushe yake zuwa?"

Na ce ban san me take nufi ba.

"'Yata, ni na haife shi. Tun yana ƙarami in yunwa ta kama shi ba ya kuka, sai ya nemi abin gyarawa yana zagaye kicin har a lura da shi." Ta dafa kantar shagon da hannu biyu. "Ranar Asabar da tsakar rana kowa zai zo ya tarar da teburinsa. Nawa ɗan zai zo ya tsaya a titi yana kallon na mutane? Ba a ba mu shi mun binne ba. Ruwan sha ma za ki hana shi?"

Na ce in na yi masa tebur, na kashe shi da hannuna.

"A'a," ta ce. "Dutsen da ya rufta musu ya riga ki."

Ta ajiye hoton a kan kantar shagon. Wannan karon ban mayar mata ba, ban kuma buɗe hankicin ba.

Laraba, 29 ga Oktoba, da safe

Baya. Ban gyara ba. Na yi aiki yini guda a cikin lokacinsa, har kwamfuta ta ce azahar ce alhali rana na faɗuwa.

Alhamis, 30 ga Oktoba, da rana

Na yi katin.

A hoton auren kunnensa ɗaya ya shige bayan hulata, sai da na yanke kaina daga ciki. Na sa sunansa da rubutun nan nasa mai lanƙwasa. Wurin kwanan wata na biyu na rubuta Maris kawai. Firinta ta buga ba gardama, ita da kullum sai ta ci takarda ɗaya kafin ta yarda.

Na tsani katin saboda ya yi kyau.

Juma'a, 31 ga Oktoba, da yamma

Mun yini a layin gidan burodi, ni da Mama. Mun yi burodi mai siffar mutum, da mai siffar tsani na saukowar mamaci, da mai siffar doki na ɗaukar kayansa. Mama ta so a yi teburin a gida. Na ce a shago, inda ya san hanya. Severina ta kawo rake da albasa mai fure, ta ajiye. Na ce ta zuba mini api. Ta cika kofin har yana zuba.

Don Nicasio ya biyo ya kawo lemo kwalba biyu. Ya ce shi ba ya yarda da irin waɗannan abubuwan, amma Gumercindo ya taɓa gyara masa agogon rumfa.

Asabar, 1 ga Nuwamba, da yamma

Mun shimfiɗa baƙin zane a teburin yankan takarda. Miyar gyaɗa, gasasshen naman alade, ganyen koka na taunawa, ruwa a kofinsa, katin a tsakiya. Na gyara agogo, na sake kunna kwamfutar, na tsayar da ita a baƙin allo. Hasken yana sama, a layina.

Da ƙararrawar coci ta buga tsakar rana Mama ta kunna kyandir. Ana ta harba tartsatsin wuta a unguwa, karnuka na haushi. A cikin shagon kuwa ko numfashi ba a ji. Harshen kyandir ɗin ya kwanta gefe guda, ƙofa kuma a rufe take.

Hasken ya sauko layin ƙasa.

Ni na gani, Severina ta gani, don farcenta har yanzu yana damtsena. Babu wanda ke kusa da kibod.

"Ka iso, ɗana?" in ji Mama, da muryar da take yi wa mai dawowa daga kasuwa. "Sannu da hanya. Zauna ka ci tukuna, aikin ba gudu zai yi ba."

Na ɗauko zanen da na yaye a farkon watan jiya na rufe allon. Bai taɓa son a tsaya masa a ka yana rubuta kalmar sirri ba.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, da yamma

Mun kwana a shagon, masu addu'a suna shigowa ana ba su burodi. Da tsakar rana aka yi sallama. Mama ta kashe kyandir, ta ce ya tafi da kyau, ya dawo baɗi. Aka kife teburin. Na ɗanɗana miyar kafin a raba, ba ta da ɗanɗanon komai. Mama ta ce haka take yi in an ci.

Bayan kowa ya fita na yaye zanen. Baƙin allo, layi biyu. Hasken yana sama. Duk kwanakin nan bai taɓa mayar mini da shi ba sai yau.

Na shiga. Baya da awa huɗu. Na gyara.

Litinin, 3 ga Nuwamba, da safe

Agogo daidai.

Talata, 4 ga Nuwamba, da safe

Daidai. Kujera a tsayina. Karen Don Lucho yana kwance a bakin ƙofa, sai da na tsallake shi.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, da rana

Na je rumfar Don Nicasio na tare shi a gaban mutane. Na ce ya gaya mini gaskiya, ya rubuta layin nan a ɓoye ranar Juma'a? Ya rantse da kabarin uwarsa. Ya biyo ni shago ya buɗe ya nuna mini, komai yana yadda yake.

"Yanzu fa, Doña Teo? In share ɗakin, ki samu fili?"

Na ce baɗi zai zo. Ya ce to.

Severina ta ce fuskata ta yi kyau, na samu barci. Gaskiya ne, ina barci. Mama ta fara cin abinci. Kowa ya huta.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, da safe

Na kunna na tsaya a kanta. Haske a sama. Agogo daidai, daidai da na coci, daidai da na wayata, ko minti ɗaya babu.

Mijina ya mutu. Na rubuta.

Juma'a, da hantsi

Na buɗe wurin saita lokaci na mayar da shi baya da awa huɗu da hannuna. Na bar shi haka. Ko zai gani ya kasa haƙuri.